Kalangu ko Ganga? Amsa ga Masassaƙin Turmi daga Jega

Assalamu alaikum. Wani ƙanenmu daga Jega ya yi tambaya. Ya gaji sassaƙar turmi da taɓarya a gidansu, yanzu yana so ya kafa 'yar rumfar kayan kiɗa, jarinsa kuma ba zai ɗauki iri biyu a lokaci guda ba. Da kalangu zai fara ko da ganga?

Ƙanena, ka fara da ganga. Amma kada ka juya wa kalangu baya, domin idan tafiya ta yi nisa shi ne zai riƙe maka gida. Bari in ɗora su a sikeli ka gani.

Hannun da ya saba da turmi ya riga ya san rabin aikin ganga. Gungume ne a miƙe, ka rarake shi har rami ya ɓulla ɗaya gefen, ka daidaita kaurinsa, ka goge bakin ya yi sumul don kada ya ci fata. Ko wani gefe ya ɗan fi wani kauri, ganga za ta yi amo, mai saye ba zai dawo da ita ba. Kalangu ba ya yafe irin wannan. Yana da baki biyu masu faɗi da ƙugu a tsuke, kuma dole ramin ciki ya bi siffar waje. Daga baki biyu ake rarakowa a haɗu a tsakiya, a wurin da gizago ba ya samun sarari. Ka ɗan zarce, ka huda ƙugun, aikin kwanaki ya koma icen girki. Bakunan nan biyu kuma sai sun zo daidai da juna, in ba haka ba tsarkiya, wato igiyoyin da ke haɗa fatun bakunan biyu, za ta ja gefe ɗaya fiye da ɗaya, makaɗi ya matsa a hammata murya ta ƙi hawa yadda yake so. Shi kalangu magana yake yi, mai sayensa kuwa da kunne yake ciniki.

Ta fuskar ice kuwa, kalangu ne ke da rinjaye, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a yau. Ganga tana son babban gungume, balle gangar noma. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci a wajejenku, shiga dazukan Zamfara ya zama kasada saboda rashin tsaro, wanda za a kawo maka daga ɓangaren Yawuri ko Zuru kuwa kuɗin mota zai hau kansa, ga takardar izini daga ma'aikatan gandun daji. Kalangu guntun ice mai matsakaicin kauri ya ishe shi.

Ƙiryar da ka saba da ita ka bar wa turmi da gawayin maƙera. Ta yi nauyi ga abin da mutum zai rataya a kafaɗa ya yini da shi. Alilliba ita ce aka daɗe da sani wajen kayan kiɗa: ba ta da nauyi, tana bin gizago, tana da amo. Idan ba ka same ta ba, akwai maje da ɗanya da gawo, masu taushin sassaƙa, sai dai ƙwaro yana son su, don haka a fere ɓawo da wuri, a ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Maɗaci yana da ƙarko, ya fi dacewa da ganga. Ko wanne ka zaɓa, ka rarake shi tun yana da ɗanyantaka, domin daga zuciyar ice tsagewa ke farawa, idan ka cire ta ka rage haɗarin. Sannan ka shafa mai a bakunan, ka ajiye a inuwa ya bushe a hankali. Ɗanyen ice da aka bari a iskar hunturu tsagewa yake yi, kuma tsagaggen kalangu ba ya gyaruwa.

A batun fata Allah ya yi mana gata. Jar akuyar Sakkwato da duniya ta san fatarta a ƙofar gidanmu take. Ganga tana karɓar fatar babbar akuya, ɗanya ba jemammiya ba, a jiƙa, a kankare gashi, a ɗaura tana da laima don ta ɗame idan ta bushe. Kalangu yana son fata marar kauri ƙwarai, ta ɗan akuya, wadda ba ta da tabon wuƙa ko ɗaya. Samunta sai da sanayya da mahauta. Ga kuma tsarkiya, wadda yankanta da murza ta da jera ta sana'a ce mai zaman kanta. Wasu yanzu suna sa igiyar roba. Tana jure damina, ba na musu, amma ni ban yarda tana amsa hammata kamar ta fata ba, kuma tsofaffin makaɗa suna gane bambancin.

To, wa zai saya? Ganga kasuwarta a buɗe take: makaɗan noma da gayya, 'yan kokawa, ƙungiyoyin raye-rayen gargajiya na makarantu, masu rakiyar hawan sallah, da baƙin da ke zuwa bikin kamun kifi na Argungu, bikin da aka faro tun 1934. Da yawansu ba sa tsananta bincike, su dai ta yi ƙara ta yi kyan gani. Kalangu masu sayensa kaɗan ne, amma na dindindin ne: makaɗan mahauta, makaɗan 'yan dambe, da masu kiɗan biki. Fatarsa tana fashewa akai-akai saboda matsa da saki, tsarkiya tana tsinkewa, don haka wanda ya yarda da hannunka zai riƙa dawowa. Ganga ɗaya kuwa sai ta daɗe ba ka sake ganin mai ita ba.

Shi ya sa na fi son ka shiga kalangu ta ƙofar gyara. Kana sassaƙa ganga kana sayarwa, kana karɓar tsofaffin kalangai kana canza musu fata da tsarkiya. Duk wanda ka kwance, ka zura hannu ciki ka ji kaurinsa, ka auna bakinsa da ƙugunsa, ka ƙwanƙwasa ka saurara. Tsofaffin masassaƙa sun bar maka darasi a cikinsu kyauta.

Kotso irin na makaɗan fada, wanda Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi suna da shi, da tambarin sarakuna, kada ka taɓa su sai an ba ka aiki, ba kayan baje wa a kasuwa ba ne.

Ka sayi fatu lokacin Babbar Sallah da suke yawa, ka shanya su a inuwa ka adana inda ɓera ba zai kai ba. Ka yi ƙoƙari gangunanka su kammala kafin kaka, lokacin da kuɗi ke hannun manoma, dambe da kokawa da bukukuwa suke tashi. Kalangunka na farko kuma kada ka kai shi kasuwa. Ka miƙa wa makaɗin da kake yi wa gyara ya yi wasa da shi, ka tsaya kusa ka ji abin da zai ce.