Gargaɗi: Hattara da masu sayar da gurbin karatun likitan ƙafa a Amurka

Assalamu alaikum. Na jima ina juya wannan magana a raina kafin in rubuta, domin abin ya faru ne a cikin gidanmu. Amma da na ga mutumin da ya damfare mu ya sauya lamba, ya buɗe sabon shafi yana ci gaba da tallarsa, sai na ga yin shiru zalunci ne ga iyayen da zai damfara gobe.

Ɗan yayata tun yana sakandare ba shi da buri sai likitanci. Sau biyu yana zana JAMB makinsa bai kai ba, ya haƙura ya karanta fisiyoloji. Ana cikin haka ciwon suga ya taso wa mahaifinsa. Ɗan ƙurji ne a babban yatsa, ya zama gyambo, daga ƙarshe aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Yaron nan shi ya yi jinya, shi ke wanke ciwon safe da yamma. Don haka ranar da ya ci karo da bidiyon wani mutum a TikTok sanye da farar riga, yana cewa a Amurka akwai likitoci na musamman da aikinsu ceto ƙafafun masu suga, kuma shi yana da hanyar shigar da ɗalibai, maganar ta sami wurin zama a zuciyarsa.

Abin da ya sa damfarar ke ci shi ne rabinta gaskiya ce. Akwai wannan karatu a Amurka. Shekara 4 ake yi a sami digirin DPM, sannan a yi shekara 3 ana samun horo a asibiti, har tiyatar ƙafa da idon sawu suna yi. Makarantun 11 ne, kamar ta Jami'ar Temple a Filadelfiya, ta Kent State a Ohayo, ta Barry a Fulorida da ta Des Moines a Ayowa, kuma hukumar CPME ce ke tantance su. Gaskiya ne kuma cewa makin shiga bai kai tsananin na MD ba, wato digirin likitanci na gama-gari. Masu samun gurbin MD matsakaicin makinsu a jarrabawar MCAT, wato jarrabawar shiga makarantun likitanci, ya haura 510, na likitancin ƙafa kuwa yana ɗan ƙasa da 500, matsakaicin makin digirinsu na farko kuma wajen 3.3 zuwa 3.4 ne a ma'aunin 4.0. A kan wannan sauƙin mutumin ya gina ƙaryarsa. Ya ce wa yaron tunda makarantun na neman ɗalibai, ba sa bincike sosai, kuma yana da “mutanensa” a ciki.

Abu uku ya yi alkawari. Zai “gyara” sakamakon digirin ya koma 3.8, zai samo masa 505 a MCAT ba tare da ya zauna jarrabawa ba, kuma zai riƙe masa kujera. Kuɗin kuma kashi-kashi: naira 350,000 na fam, sai naira miliyan 1.2 na “aikin maki”. Yayata ta kwashe adashinta, ta kai sarƙarta da ‘yan kunnenta wajen masu gwal. Ba wanda ya gaya mini, saboda mutumin ya ja musu kunne cewa yawan magana na ɓata lamari. Sai da ya nemi dala 2,500 na riƙe kujera, ya ba su kwana 3, suka zo wurina neman rance.

Yaron ya miƙo mini wayarsa yana murmushi, ya ce, “Kawu, ga sakamakon ma ya fito.” Na karɓa na buɗa hoton da yatsu. Takarda ce mai kyan gani, da tambari da hotonsa da komai. Amma a sashe ɗaya an rubuta 134. Na ce masa, “Ɗana, zauna.” Jarrabawar MCAT sassa 4 gare ta, kowane sashe daga 118 yake farawa ya tsaya a 132, jimilla daga 472 zuwa 528. Babu ɗan Adam da ya taɓa cin 134 a sashe ɗaya. Na duba takardar da aka ce ta adimishan ce, na ga daga adireshin Gmail ta fito, alhali jami'o'in Amurka da adireshi mai ƙarewa da .edu suke rubutu. Asusun da aka ce a tura dalolin kuwa sunan mutum ne ɗaya tilo. Yayata tana zaune a kan tabarma, ba ta ce uffan ba, sai hannu da ta kai wuyanta inda sarƙar take a da.

Iyaye, ku tsaya ku fahimci yadda maki ke tafiya, domin nan ne gaba ɗaya ƙaryar ke rushewa. Ƙungiyar AAMC, ta makarantun likitancin Amurka, ita ce ke da jarrabawar MCAT. A cibiyar jarrabawa ake zana ta, da jikinka, kusan awa 7 da rabi, bayan an duba shaidarka an ɗauki hotonka da hoton tafin hannunka. Ba a yin ta a gida, ba a yin ta a waya. Sakamako yakan fito bayan kimanin wata guda, kuma ba takarda ce da ɗalibi ko wakilinsa zai ɗauka ya kai makaranta ba. Daga rumbun AAMC yake tafiya kai tsaye ta intanet zuwa AACPMAS, wato dandalin da ake neman gurbin makarantun likitan ƙafa ta cikinsa. Ko da ɗan damfara ya buga maka takarda mai ruwan zinari, makaranta ba ita take kallo ba. Kuma sau 3 kawai aka yarda mutum ya zana a shekara, sau 7 a tsawon rayuwarsa, kowane zama a rubuce yake.

Makin digiri ma haka. Ba abin da ka rubuta a fam ake ɗauka ba. Wanda ya yi karatu a wajen Amurka, jami'arsa ce ke aika sakamakonsa ga kamfanin tantancewa irin WES, su bi darasi ɗaya bayan ɗaya su mayar da makinmu na ma'aunin 5.0 zuwa nasu na 4.0. Sannan ana ware makin darussan kimiyya daban, domin shi suka fi sa wa ido: bayoloji, kemistiri iri biyu da fiziks, kowanne da aikin ɗakin gwaji, ga kuma Turanci. Wanda ya ce zai ɗaga maka maki, ko dai ƙarya yake ya cinye kuɗinka, ko kuma jabun takarda zai haɗa da sunanka a kai. Na biyun ya fi muni. Dokar shige da fice ta Amurka na haramta wa wanda aka kama da yaudara wajen neman biza shiga ƙasar har abada, kuma a ranar ba dillali ne zai tsaya gaban jami'in biza ba, ɗanka ne.

Ba ina cewa mai matsakaicin maki ya yanke ƙauna ba. Makarantun na duban abubuwa da dama: ko makinka ya yi ta hawa a shekarun ƙarshe, wasiƙun malamanka, wasiƙar likitan ƙafa da ka bi ka ga aikinsa, da yadda ka yi a ganawar baka. MCAT mai kyau na iya tallafa wa digiri mai rauni. Amma duk waɗannan gumin ɗalibi ne. Idan wata makaranta tana da sassauci a kan jarrabawa, a shafinta za ta rubuta kowa ya gani kyauta.

Akwai kuma abin da mutumin bai taɓa ambata musu ba, wato kuɗin makaranta. A yawancin makarantun ya haura dala 40,000 a shekara, ban da masauki da abinci, kuma ɗalibin ƙasar waje ba ya samun rancen karatu na gwamnatin Amurka. Makaranta ba za ta ba ka takardar I-20, wadda ake neman bizar ɗalibi da ita, ba sai ka nuna shaidar kuɗin. Kuɗin riƙe kujera akwai shi da gaske, amma sai bayan an yi maka ganawa an karɓe ka, kuma makarantar ake biya kai tsaye. Da ya faɗi wannan tun ranar farko, da yayata ba ta taɓa sarƙarta ba, shi ya sa ya ɓoye.

Da na kira shi a gabansu na tambaye shi ta yaya sashe ɗaya ya kai 134, ya ce kuskuren bugu ne. Na ce ya ba mu lambar shiga asusun AAMC na yaron mu duba da kanmu. Ya ce ina neman ɓata wa yaro gaba, ya kashe waya. Kafin la'asar ya toshe mu a WhatsApp, hoton farar rigar ya ɓace.

Mun je banki washegari, mun kuma shigar da ƙara a EFCC da rasit da hotunan hirarsu da saƙonnin muryarsa. Har yau kobo bai dawo ba, don mun makara da makonni. Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta zaunar da shi, ya je bankinsa a ranar, kuma kada ya goge hira ko ɗaya. Mai son bin hanyar gaskiya ya buɗe shafin AACPM, ƙungiyar makarantun likitan ƙafa, ya ga jerin makarantun da sharuɗɗan kowacce, ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai da kansa ya tambaya ko suna karɓar darussan da aka yi a wajen Amurka, domin ba duka ke karɓa ba. Akwai kuma cibiyoyin EducationUSA a Abuja da Legas masu ba da shawara a kan karatu a Amurka.

Don Allah ku tura wannan zuwa zaurukan iyaye da na ɗaliban da suka gama hidimar ƙasa. A sabon shafinsa ya daina ambaton ƙafa kaɗai, yanzu har da likitan haƙori da haɗa magunguna yake talla, kuma na ƙirga mutum 14 a ƙarƙashin bidiyonsa na ƙarshe suna roƙon ya ba su lamba.