Paris ta ci kuɗina, Sarayebo ta sa na ji kunyar halinmu

Salam 'yan uwa. Tun da muka dawo ake ta kirana ana tambaya wai ina ne wurin nan da na sa hotonsa, wasu har rantsuwa suke Turkiyya ce. Ba Turkiyya ba ce, Bosniya ce, garin Sarayebo. Ni kaina ranar da aka fara ce min in kai iyali can hutu sai da na yi jim, don abin da na sani game da ƙasar bai wuce labarin yaƙin da muke ji a rediyo muna yara ba. Wani abokin aikina ne ɗan can, shifti ɗaya muke yi a nan Jamus, shi ya matsa min lamba bayan na ba shi labarin abin da ya same mu a Paris bara.

To bari in fara da Paris ɗin don har yanzu abin yana cina. Kusan shekara guda ina tara kuɗin tafiyar nan, uwargida ta daɗe tana son zuwa, muka hau jirgin ƙasa daga Frankfurt wajen awa 4 sai ga mu. Otal ɗin da na kama a intanet hotonsa kamar gidan sarki, da muka shiga ɗakin wallahi in ka buɗe akwati sai dai mutum ɗaya ya hau gado ɗayan ya wuce. Wannan duk mai sauƙi ne. A wajen karɓar baƙi akwai wasu Turawa mata da miji a gabanmu, aka miƙa musu makulli da murmushi suka wuce, da layi ya zo kanmu mutumin ya kalli hijabin matata ya kalle ni, ya karɓi katin zamanmu yana juya shi gaba da baya kamar jabun kuɗi, sannan ya ce sai na ajiye kuɗin jingina ko da za mu lalata wani abu a ɗakin. Na ce masa waɗanda suka wuce yanzu ban ga an karɓi nasu ba. Ya ce doka ce. 'Yata tana riƙe da hannuna tana kallona, shi ya sa na haɗiye na ba shi katin banki ya cira.

Washegari ruwan banɗaki ya toshe, in ka yi wanka sai ya taru ya malalo har bakin gado. Kwana 4 muka yi, sau 3 ina sauka ina faɗa, kullum sai ya ɗaga kafaɗa ya ce mai gyara sai Litinin, mu kuma Lahadi za mu tafi. Ko sannu babu. Da tawul muka riƙa tare ruwan.

Garin kansa ba zan ce ba shi da kyau ba, ƙarya ce. Hasumiyar Eiffel in ka tsaya a gindinta ka ɗaga kai, mita 330 na ƙarfe da aka kafa tun 1889, dole ka jinjina wa waɗanda suka yi ta. Amma layi fa jama'a, layin bincike daban, layin tikiti daban, layin lifta daban, ga rana ga yarinya tana kuka, hannunka ɗaya kullum a kan aljihu saboda ko a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa sanarwa ake a yi hattara da 'yan sane. Gidan tarihi na Louvre kuwa, hoton Mona Lisa da duniya ke ta zuzutawa tsawonsa bai kai mita ɗaya ba, santimita 77 ne, yana can bayan gilashi, gabanka kawunan mutane ne da wayoyi a sama, kafin ka kalle shi da kyau an ce ka matsa. Wuri ɗaya da na samu natsuwa shi ne babban masallacin Paris da aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi, can muka zauna a lambun muka huta. Na dawo da hotuna masu kyau, kowa ya yi ta sa albarka a ƙasan hoto, ba wanda ya san da ɓacin rai na dawo. Kuma nan nake jin haushinmu, da yawanmu da muke zuwa irin wuraren nan ba ma faɗin gaskiya, a sha wulaƙanci a biya kuɗi a dawo a ce ai wurin aljannar duniya ce, sai na baya ya ci bashi ya tafi shi ma ya sha nasa ya yi shiru.

Bana sai muka bi shawarar abokin aikina. Jirgi daga Frankfurt bai cika awa 2 ba, kuma katin zamanmu na Jamus ya ishe mu shiga ba sai da biza ba. Jirgin ya yi latti sosai, sai wajen ƙarfe ɗaya na dare muka isa masaukin, wani ɗan gida ne mai ɗakuna kaɗan a kan tudu sama da tsohuwar kasuwa, ina ta fargabar za mu tarar an kulle. Sai ga wani dattijo zaune a bakin ƙofa da fitila yana jiranmu. Ya yi aiki a Jamus yana saurayi don haka da Jamusanci muka yi magana. Sallama ya fara yi mana, ya karɓi akwatin matata duk da ina hana shi don ya haife ni, ya kai mu ɗaki ya nuna mana alƙibla ya ajiye darduma biyu a kan kujera ba tare da mun tambaya ba. Fasfo ɗinmu ya duba sau ɗaya ya rubuta ya miƙo min da hannu biyu.

Da asuba kiran sallah ya tashe mu. Ku da kuke gida ba za ku gane ba, kullum kuna jinsa har wani ya ja bargo ya juya. Mu a inda muke waya ce take kira mana sallah, shekara da shekaru. Garin Sarayebo a cikin kwari yake duwatsu sun kewaye shi, sai ka ji wannan masallaci ya ɗauka wancan ya amsa sautin yana gangarowa daga ko'ina. Na juya na ga uwargida zaune tana share hawaye, ban tambaye ta ba don ni ma maƙogwarona ya cushe, mahaifiyata kawai nake tunawa.

To da safen nan ne abin da ya sa nake wannan rubutun ya faru. Na buɗe famfo ba ruwan zafi, hita ta mutu. Saboda abin da na sha a Paris har na ce a bar shi kawai mu yi da na sanyi, uwargida ta ce a'a yarinya ba za ta iya ba. Na sauka na ce Baba ruwan zafi fa babu. Wallahi yadda fuskar bawan Allahn nan ta canza sai ka ce mutuwa na faɗa masa. Ya dafe ƙirji ya ba ni haƙuri, kafin in hau sama matarsa ta ɗora tukunya, ya hauro da ruwan zafi a bokiti da kansa har sawu biyu, sannan ya ɗauko akwatin kayan aiki ya kira wani maƙwabcinsa, kafin mu gama karyawa hita ta tashi. Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar da za mu tafi na zo biya sai na ga ya cire kuɗin kwana ɗaya. Na ce Baba ba a yi haka ba, ai ba mu yi awa ɗaya ba ruwa ba, ya ƙi, na ajiye kuɗin a tebur ya biyo ni da shi har bakin tasi ya cusa a aljihun rigata.

A daren da hitar ta mutu ya kira ni shan gahawa a tsakar gida, irin tasu da ake kawowa a ɗan butan jan ƙarfe da sukari ƙwaya-ƙwaya, nan ya ba ni labari. Garin nan an yi masa ƙawanya daga 1992 zuwa 1996, kwana 1,425, sojojin Sabiyawa suna kan duwatsun nan da suke kewaye suna ruwan wuta, mutum sama da 11,000 suka mutu. Ba wuta ba ruwa. Ya ce jarkoki yake ɗaurawa a keke ya tafi har kamfanin giyar garin, don can akwai rijiyar da ba ta ƙafe ba, mutane su yi layi, kuma a hanyar ana harbin masu ɗiban ruwa. Ya ce shi ya san mene ne mutum ya buɗe famfo ya ga ba komai, shi ya sa ba zai karɓi kuɗin baƙo cikakke ba alhali ya buɗe famfo a gidansa bai samu abin da ya biya ba.

Na kasa barci a daren. Ba Paris nake tunani ba, mu nake tunani. Mu da muke alfahari da karrama baƙo, kuma gaskiya ne in baƙon gida ne za mu ba shi gadonmu mu kwana a ƙasa, amma da zarar kuɗi ya shiga tsakani, mutum ya zama kwastoma, shi ke nan an daina ganin girmansa. Ka kama ɗaki ka biya cif, ka ce ba ruwa, a ce maka yallaɓai ka yi haƙuri. Ka dawo bayan awa biyu, yallaɓai ka ƙara haƙuri mai gyaran yana hanya. In ka ɗaga murya a ce ba ka da tawakkali, wai kai daga Turai ka zo kana mana iyayi. Haƙurin da ake ba ka shi ne gyaran, daga shi ba sauran wani abu, kuma ko sisi ba za a rage maka ba. Na sha wannan duk zuwan da nake yi gida kuma ina son gida, shi ya sa abin yake min zafi. Dattijon nan ba mai kuɗi ba ne, ƙasarsu ma ba mai kuɗi ba ce, matasansu ma guduwa suke zuwa Jamus neman aiki kamar yadda muka gudo. Kenan ba talauci ba ne yake hana mu.

Haka na riƙa ganin abin a ko'ina cikin garin. Babban masallacinsu na Gazi Husrev-beg an gina shi tun 1531, mutumin ya yi wakafi, ya bar shaguna da kadarori don su riƙa ɗaukar nauyinsa, ya ƙara da makaranta da ɗakin karatu a 1537, kuma har yau ana sallah ana karatu wakafin yana aiki. Wajen alwala tsaf, ba wari, ba ruwa kwance. A gefensa akwai hasumiyar agogo da ke nuna ƙarfe 12 daidai lokacin faɗuwar rana, saboda magariba tana matsawa dole wani ya riƙa hawa yana saita shi da hannu, kuma ana hawan. Mu ko masallacin da aka gina shekara 10 da suka wuce je ka duba banɗakinsa, kowa ya iya ginawa a sa sunansa a allo, ba mai tunanin wa zai sayi tsintsiya bayan ransa.

Ba wai komai nasu daidai ba ne fa. Taba suna sha kamar ba gobe, ka shiga wurin shan gahawa da yarinya hayaƙi ya kore ka. Wurare da yawa ba sa karɓar kati sai tsabar kuɗi, kuɗinsu marka ne, yuro ɗaya kusan marka 2, sai ka yi ta neman wurin canji. Kogin da ya ratsa garin akwai leda da robobi a ciki. Ana kallonmu sosai, wasu tsofaffin mata har taɓa kumatun 'yata suke, amma kallon da sallama yake zuwa ba irin wancan na Paris ba. Gine-gine da yawa har yanzu da ramukan harsashi a jiki, a ƙasa kuma za ka ga inda bam ya faɗi ya kashe mutane an cike wurin da jan abu don kar a manta. Mun je ramin da suka haƙa a ƙarƙashin filin jirgi a 1993, wajen mita 800, ta nan abinci da magani suke shigowa garin, sai ka sunkuya za ka iya tafiya a ciki. Abinci kuwa ba ka tsayawa tambayar halal ne ko a'a a tsohuwar kasuwa, naman da suke gasawa ƙanana-ƙanana a zuba cikin gurasa da albasa shi muka yi ta ci, mu uku da ƙoshi kuɗin bai kai abin da na biya wa mutum ɗaya a Paris ba.

Mun hau jirgin ƙasa zuwa Mostar, kusan awa 2 ana bin gefen kogin Neretva, ruwan kore shar tsakanin duwatsu, ban taɓa ganin irinsa ba. Gadar garin ta 1566 an rusa ta da igwa a 1993, suka sake gina ta yadda take aka buɗe a 2004, samari suna faɗawa kogin daga samanta in an tara musu kuɗi. Can kam akwai cunkoson 'yan yawon buɗe ido da tsada kaɗan, kwana ɗaya ya ishe mu, ita kanta yarinyar cewa take mu koma gidan Baba.

Kuɗin kwana ɗayan nan da ya cusa min a aljihu ban iya kashe shi ba. Na ba abokin aikina da zai je gida watan gobe, na ce ya saya wa dattijon wani abu ya kai masa, kar ya ce kuɗi ne don na san zai dawo da shi. Mai son adireshin gidan ya yi min magana ta waya, mu dai in Allah ya kai mu azumi can muke son yin goman ƙarshe.