Safar hannu ta fata ko mai kumburi ta gwanjo: ga wadda za ka saya

Ɗan'uwa, tambayarka ta jiya kan safar hannun hawa moto da sanyi, ko ta fata mai shafi a ciki ko waccan mai kumburi da ake zubewa a gwanjo: sayi ta fata. Duka biyun na riƙe. Ɗaya tana cikin aljihun rigar sanyina yanzu haka, ɗayar kuwa tun bara yara suka cusa mata tsumma suka mai da ita ƙwallo.

Hunturu uku ke nan ina kai kaya Ɗan Isa, garin bakin iyakar Najeriya, a kan moto, kuma da an sallame sallar asuba nake barin Maraɗi. Wanda bai taɓa hawa gudron a Janairu da wannan lokaci ba, labarin ɗari kawai yake ji. A cikin gari ma'auni kan sauka wajen digiri 12 ko 13, ka ji mutum na cewa ai da sauƙi. To ka ɗora gudun kilomita 60 a awa a kan wannan 12 ɗin, jikinka kamar 8 zai ji shi, kuma hannu ne a gaba, shi ke fara karɓar iskar kafin ƙirji. In ka gangara kwari ko ka bi gefen fadama, abin sai ya ƙaru.

Ranar da na yanke shawara ba zan manta da ita ba. Na isa wajen mai shayin da na saba tsayawa, na sauka, na miƙa hannu zan karɓi kofi, yatsu suka ƙi rufuwa. Wallahi ina kallon su kamar na wani. Sai da na tsuguna na kara tafukan a jikin injin na ɗan lokaci kafin su dawo, da suka dawo kuma kamar ana soka mini allura a ƙarƙashin farce. Tsohon nan ya dube ni, ya dubi safar da na jefar a kan benci, ya ce, "Yaro, kai ɗan garin jar akuya, ka rasa abin sa wa hannunka sai leda?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma maganar ta shige ni. Gaskiya ya faɗa: fatar jar akuyar Maraɗi sananniya ce har Turai saboda laushi da ƙarfi, da irinta ake ɗinka kayan fata masu tsada, mu kuma muna nan muna tone-tone a dilar gwanjo.

Ranar kasuwa na je wajen masu kayan moto na sayi ta fatar akuya baƙa, mai shafi mai laushi a ciki, wuyanta dogo da maɗauri. Jika tara na biya bayan an sha ciniki, har na ji zafin kuɗin. Washegari na gane abin da na saya. Fata ba ta barin iska ta ratsa, kuma yawancin sanyin da kake ji a kan moto iska ce ke kwashe ɗumin jikinka. Da an tare ta, shafin ciki ko bai yi kauri ba ya isa. Na isa Ɗan Isa, na zare safar, na ƙirga canji da yatsuna kamar a tsakar rana. Bayan sati biyu ta bi siffar hannuna, har wurin da nake riƙe totur ya ɗan yi sheƙi. Bara ɗinkin babban yatsa ya ɓalle, baduku ya kama mini shi a kan dala arba'in. Har yau ita ce.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa, Allah ya tsare: faɗuwa. Duk wanda ya zame, tafin hannu yake fara kai wa ƙasa. Fata tana jure gurzar gudron na ɗan lokaci, yadin leda nan take yake yagewa.

Mai kumburin dai, a ba ta haƙƙinta, tana da ɗumi in kana tsaye kuma jika biyu ta ishe ka. Amma don masu wasan ƙanƙara a Turai aka yi ta, kaurinta ba ya barin ka ji birki da kuloci a yatsa, tafinta ga santsi. Ta ulu da ake saƙawa kuwa ban ma sa ta a lissafi ba, rariya ce, iska ke shiga ta fita.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don kasuwar nan da sanyi ya shigo kowa ya zama mai safar hannu. Rabin abin da ake kira fata roba ce aka shafa wa yadi. Tana da ƙyalli fiye da ta gaskiya, wata biyu ta fara ɓarewa kamar bawon gyaɗa. Ka juya bakin wuyan ka duba inda aka yanka: bayan fata ta gaskiya gashi-gashi ne, ta jabu kuwa zaren yadi za ka gani. Ka sansana, warin fata ba ya ɓuya. Mai kaya in ya hana ka juyawa, ajiye masa abinsa. Kada tambari ya ruɗe ka. Thinsulate shafi ne na gaske na kamfanin 3M, amma sunan nan ana manna shi a kan abin da ko kusa ba shi ba ne. Ta Turai da aka yi wa gwaji don moto, a ƴar takardar ciki za ka ga alamar CE ta cika ƙa'idar Turai da lamba EN 13594 da hoton mutum a kan moto, shi ma ana kwaikwayon sa, don haka hannunka da hancinka su ne alƙalai. Kada ka tura kuɗi a kan hoto, kada ka saya da magariba a hasken tocila. Ni an taɓa ɗaure mini guda biyu da roba, sai da na je gida na ga duka na hagu ne.

In za ka je, je da motonka. Sa safar, kama hannun moto, matsa birki da kuloci, murɗa totur, taɓa oda da sigina. A bar ɗan sarari a kan yatsu, domin wadda ta matse tana hana jini gudu, sai ka fi jin sanyi a cikinta. Wuyanta ya hau kan hannun rigar sanyi, in ba haka ba iska ta nan za ta bi har hamata. In raɓa ta jiƙa ta, kada ka kai ta bakin wuta, za ta ƙandare, a inuwa ake shanya ta. Sau ɗaya a wata ka shafa mata ɗan man kaɗanya, ragowar ka murza a hannunka saboda kaushi.

In kuɗin bai kai ba yanzu, sayi siririyar safar auduga irin ta masu aiki ka lallaɓa da ita a ƙarƙashin wadda kake da ita, ka tara zuwa ƙarshen wata ka ɗauki ta fatar. Ka zaɓi mai dogon wuya.