Rumbun Takardun Yarjejeniyar Antaktika a Intanet

Ɗaliban shari'a a Damagaram masu binciken wanda ke ɗaukar alhakin gurɓata muhalli za su amfana da shafin Sakatariyar Yarjejeniyar Antaktika, wadda ke Buwenos Aires, babban birnin Ajantina. Yarjejeniyar Antaktika ita ce ke tsara ayyukan ƙasashe a nahiyar ƙanƙara da ke kudancin duniya. Kyauta ne, kuma takardun suna nan da Faransanci, abin da ya sauƙaƙa mana aiki a Nijar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Rataye na 6 na Yarjejeniyar Madrid ta 1991 (ƙari ga Yarjejeniyar Antaktika kan kare muhallin nahiyar), wanda aka amince da shi a 2005. Ya tanadi cewa wanda aikinsa ya haddasa haɗari, misali malalar mai daga jirgin ruwa, idan bai gaggauta ɗaukar mataki ba, shi zai biya kuɗin da wasu ƙasashe suka kashe, ko da ba a tabbatar da sakacinsa ba. Sai dai ratayen ba ya aiki sai dukkan ƙasashen da abin ya shafa sun rattaba amincewa, kuma kowace ƙasa sai ta shigar da shi cikin dokokinta.

Harshen na lauyoyi ne zalla, mai nauyi. Na fi son sauke takardun da dare, lokacin da intanet ya fi ƙarfi, in kwatanta su da dokar muhallinmu ta 1998.