Tirela ko aikin sito? Amsata ga Saje mai shirin ajiye kaki

Wa alaikumus salam, Saje. Na ga tambayarka tun daren jiya, wai in ka fito ka zuba giratutinka a tirela, ko ka nemi aikin sito a wajen farar hula. Ni duka biyun na taɓa bayan na bar sashen samar da kaya da sufuri na soja. Ɗaya ya ciyar da ni da iyalina, ɗayan kuwa har gobe in na ji hon ɗin DAF a bayana sai gabana ya faɗi. Don haka kada ka sa ran zan raba musu gardama daidai wa daida.

Ka nemi aikin sito.

Wurin da na fara, wani ɗan kasuwa ne mai sito uku a Kano, yana harkar taki da hatsi. Ranar da aka kai ni gabansa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Soja, mu fa nan ba fareti muke yi ba." Na ce na ji, Alhaji. Ya ba ni mukullin mafi ƙanƙanta a cikin ukun, alamar dai a gwada ni a gani.

Da na buɗe ƙofar nan sai da na yi salati. Buhuna a jingine da bango, wasu a kan siminti tsirara, damshi ya fara cin na ƙasa. Tsohon kaya yana can ƙurya ba mai waiwayarsa, sabo yana bakin ƙofa ana ta ɗiba. Lissafin kuwa a kan wani yaron Alhaji yake, in ka tambaye shi buhu nawa ne a ciki sai ya kalli sama ya ce za su kai kaza. Mu da aka horar a makarantar samar da kaya da sufuri ta soja da ke birnin Benin, aka sa mu ƙirga bargo da gwangwanin abinci har cikin barci, ka san yadda wannan zai tsaya mana a rai. Mako uku na yi ban ce wa kowa uffan ba. Na sa aka kawo katako aka shimfiɗa, aka janye kaya daga jikin bango yadda mutum zai iya zagayawa, aka jera su layi goma-goma yadda ko daga bakin ƙofa za ka ƙirga. Kowane tsibi na rataya masa kati: ranar shigowa, adadi, wa ya karɓa, wa ya fitar. Wanda ya riga shiga shi zai riga fita. 'Yan dako suna ta yi mini dariya a bayan ido, suna cewa Samanja zai sa buhuna su sara masa.

Sai ga wata tirelar taki ta iso ana gab da magariba. Takarda ta ce buhu 600, wato tan 30. Direba yana ta gaggawa, wai zai kama hanya a daren, in sa hannu kawai, ai kullum haka ake yi. Na ce to, a sauke tukuna. Na zauna a bakin ƙofa da roba cike da murfin kwalbar lemo, duk ɗan dakon da ya wuce da buhu sai in jefa murfi ɗaya a bokiti. Da aka gama na zazzage bokitin, na kasa su hamsin-hamsin a kan tabarma a gaban kowa. 587. Direba ya shiga rantse-rantse. Ban ɗaga murya ba, na ce mu shiga ciki mu ƙirga layi da fitilar waya, ni da shi. Aka sake samun 587. Na rubuta a jikin takardarsa, ya sa hannu, na ɗauki hoto na tura wa Alhaji. Ashe shekara da shekaru ana sa hannu a kan cikakken lodi ba wanda ya taɓa ƙirgawa. Bayan kwana biyu Alhaji ya aiko mini da sauran mukullai biyun, ko kalma bai haɗa da su ba. Da babbar sallah kuwa sai ga rago an ɗaure mini a ƙofar gida. Yaran nan da suke mini dariya, yau su ne ke koya wa sababbi jefa murfi.

Abin da nake so ka gane, wannan abin da kake ganin ba komai ba ne, don kowa a bariki ya iya shi, a waje tsada gare shi. Karɓa da ƙirge, bayarwa da sa hannu, leja ta yi daidai da abin da ke ƙasa, miƙa aiki da karɓar aiki a rubuce, sanin man da mota za ta sha daga wannan gari zuwa wancan, tsara ayarin motoci su tashi su isa a kan lokaci. Mutumin da ya san in bargo ɗaya ya ɓace za a kafa masa kwamitin bincike a cire a albashinsa, ba ya wasa da kayan mutane. Masu kamfani sun san da haka, shi ya sa suke son tsohon soja a sito.

Amma akwai abin da sai ka kwance shi tare da bel ɗinka. A soja, sito cike shi ne kwanciyar hankali, don ba ka san ranar da za a ce a tashi ba. A wajen ɗan kasuwa, kayan da ya kwana wata uku kuɗi ne suke barci, ga haya, ga ƙwari, ga farashi na iya karyewa. Na taɓa yi wa Alhaji alfahari cewa na tanadi buhunan zuba kaya da za su kai mu shekara, ina jiran yabo, sai ya ce wa ya aike ni in binne masa kuɗi. Wannan darasin ya fi duk wani kwas da na yi. Na biyu, ɗan dako ba kurtu ba ne. Ka daka masa tsawa, ya ajiye buhu ya yi gaba, abokansa su bi shi, a bar ka da tirela a tsaye mai mota yana ƙirga maka kwana. Da lallami ake tafiya da su, da biyan haƙƙinsu kafin gumi ya bushe, wani lokaci da kuɗin shayi. Na uku, wanda zai zama ogan ka wataƙila sa'an ɗanka ne, da digirinsa da ƙaramar kwamfutarsa. Ka haɗiye. Igiyoyin da ke hannunka a ƙofar bariki suka tsaya.

Sai maganar kwamfuta, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa. Ni da biro da leja na tashi, sai da 'yata ta zaunar da ni wata biyu tana koya mini Excel, ina gumi kamar ranar farko a Depot, inda ake horar da kuratan soja. Manyan kamfanoni ma sun wuce nan, manhajoji irin su SAP suke amfani da su, duk abin da ya shiga ko ya fita sai ya bi ta ciki. Ba sai ka ƙware kafin ka fito ba, amma ka iya buɗe shafi, ka zuba adadi, ka fitar da rahoton wata. In sunanka ya fito a kwas ɗin share fagen ritaya na cibiyar sojoji da ke Oshodi a Legas, wata shidan nan kada ka ɗauke su hutu, ka matsa wa ɓangaren kwamfuta da gudanarwa.

Takarda kuma tana da rana, domin mai ɗaukar aiki bai san darajar kwasa-kwasanmu ba sai ya ga wadda ya saba gani. Ga NITT nan a Zariya, cibiyar fasahar sufuri ta gwamnatin tarayya tun 1986, tana da gajerun kwasa-kwasai da difloma a harkar sufuri da jigilar kaya. Ga CILT, ƙungiyar ƙwararru a harkar sufuri da jigilar kaya, ga mai son zama mamba. In kuma hankalinka ya fi karkata ga sayo kaya da kwangila, akwai CIPSMN, cibiyar ƙwararru a harkar saye da samar da kaya, da doka ta kafa a 2007, shekarar da aka yi dokar sayen kayan gwamnati. Ɗaya ta ishe ka farawa. Ni ta Zariya na yi, kuma ita ce ta ɗaga ni daga siton Alhaji zuwa wani kamfanin sarrafa abinci inda nake yanzu, Alhajin ma da kansa ya rubuta mini takardar shaida. In za ka rubuta takardar neman aiki, ka bar yaren bariki. Kada ka cika ta da sunayen bataliya da gajerun haruffan da mu kaɗai muka sani. Ka ce mutum nawa ka ciyar a rana, mota nawa ke ƙarƙashinka, sito nawa ka riƙe, shekara nawa odita yana zuwa bai sami giɓi ba. Abin da ya shafi makamai da wuraren aiki kuwa ka san doka, a bakinka zai mutu.

Wurin nema bai yi ƙaranci ba. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, na Kakuri a Kaduna, kamfanonin taki da siminti da shinkafa, masu rarraba magani, manyan dilolin Singa da Dawanau. Ga tashoshin tsandauri, inda ake sauke kwantenonin jirgin ruwa a kan tudu: ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala a Zawaciki a 2023, ta Funtuwa a 2024. Ƙungiyoyin agaji a Maiduguri suna biya da kyau, amma aikin kwantiragi ne, kuma tun da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 guraben sun ragu ƙwarai. Kada ka gina gida a kansu. Albashin farko dai ba zai burge ka ba, wannan gaskiya ce. Sai dai ga fansho yana shigowa a ƙarƙashi, giratutinka kuma yana nan ba ka taɓa ba.

Tirela kuwa, to, tana da kuɗi ga wanda ya tashi a cikinta, ya yi karen mota, ya san kukan inji da kunne, yana da guda huɗu ko biyar yadda in ɗaya ta kwanta sauran za su ɗauke ta. Iyakar alherin da zan faɗa a kanta ke nan. Ni tawa ɗaya ce tilo, 'yar Kwatano, na saye ta a ƙarshen 2021, sai 2022 ta zo litar gas ta tashi daga ƙasa da naira 300 ta haura 800. Ga taya, ga ɗan kamasho, ga kuɗin ƙungiya, ga na kan hanya, ga direban da zai kira ka ƙarfe biyun dare daga Jebba ya ce inji ya buga. A bariki mota ta lalace rahoto kake rubutawa, bakaniken gwamnati ya zo. A nan aljihunka ne gareji. Wata goma sha huɗu na sayar da ita da asara, har na yi sadaka don murnar rabuwa.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka, tunda ni ba wanda ya faɗa mini. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, jiran ranar da kuɗin 'yan ritaya zai faɗo. Kafin matarka ta sani su sun sani. Wasu ma tsofaffin abokan aiki ne, da "Oga" da sarawa za su zo maka. Dillalin mota zai wanke inji da gas, ya fesa fenti, ya zuba baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara da hayaƙi, ya mayar da agogon tafiya baya, ya nuna maka takardar kwastan da aka buga a shagon kwamfuta. Wani hoto kawai zai turo maka, wai motar tana tashar jirgin ruwa, ka tura rabi a fito da ita. Cinikin biri a sama ke nan. In shaiɗan ya rinjaye ka sai ka saya, ka tafi da bakanikenka, ba nasu ba, a tayar da ita da sassafe inji yana sanyi, a ɗora mata lodi a hau tudu da ita, ka kai lambar shasi ofishin kwastan da ƙafarka. Sai masu cewa ka zuba kuɗi a motocinsu a riƙa ba ka riba duk wata kana kwance a gida. Wata uku na farko za ka ga alat, na huɗu waya a kashe.

Ɓangaren sito ma bai tsira ba. Akwai masu sayar da satifiket, kwana uku a ɗakin taron otal a ba ka takarda mai tambarin zinare da sunan cibiyar da ba wanda ya taɓa ji. Duk kwas ɗin da za ka yi, ka je harabar makarantar da kanka, ka biya a asusunta, ba a asusun wani mutum ba. Akwai kuma masu sayar da gurbin aiki, musamman da sunan ƙungiyoyin agaji ko tashar tsandauri. Wanda duk ya ce ka kawo kuɗin fom ko na "oga a sama" kafin a ɗauke ka, ɓarawo ne ko da rawani ya zo.

Don haka Saje, ka bar giratutin nan ya kwanta a inda hannunka ba zai kai gare shi da sauri ba, aƙalla shekara guda, in ban da rufin gida da kuɗin makarantar yara. Ka kama sito ko da ƙarami ne. Kana zaune a bakin ƙofarsa za ka ga motoci ɗari sun shigo sun fita, ka san direban kirki da na banza, ka san nawa ake biyan lodi da gaske, ka san mai kayan da ke biya da mai ja. In bayan shekara biyu har yanzu zuciyarka na kan tirela, lokacin ka dawo mu yi magana.

Kafin ka miƙa mukulli, ka tattara satifiket ɗin duk kwas ɗin da ka yi tun daga na farko, ka yi musu kwafi uku-uku, ka roƙi kwamandanka takardar shaida tun yana ganin fuskarka kullum. Ni na yi sakaci da wannan, sai da na yi zuwa huɗu tsohuwar barikinmu, na tarar an yi wa duk waɗanda suka san ni canjin wurin aiki.