Ɗan teleskop ɗina mai 70mm: kallon wata ya biya, ƙafar ce matsala

Jama'a da yawa sun tambaye ni a kan teleskop ɗin nan da na yi oda ta intanet aka turo min daga Legas, to yau wata uku kenan ina amfani da shi a tsakar gidanmu a Bukuru, bari in faɗi abin da na gani.

Da farko dai kar kowa ya yarda da 500x ɗin da suka buga ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wato wai yana ƙara girman abu sau 500, ƙarya ce tsagwaronta. Gilashi mai faɗin 70mm iyakarsa wajen 140x, kana wuce nan sai dishi-dishi. Nawa tsawonsa 700mm ne, in na sa ƙaramin gilashin ido na 25mm yana ba ni 28x, na 10mm kuma 70x, kuma wallahi wannan ya ishe ka kallon wata.

Kuskuren da na fara yi, na jira daren sha huɗu wai farin wata sha kallo, ai kuwa haske ya kashe min ido, komai ya zama fari fat ba inuwa. Sai daren bakwai zuwa tara na gane abin. Ka bi layin nan da ya raba haske da duhu, a nan rana ke bugun duwatsun a kaikaice, ramuka su fito da inuwarsu kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali abu yana nesa da mu wajen kilomita 384,000. Ramin Copernicus, mai faɗin kusan kilomita 93, na gan shi ras bayan kwana tara ko goma, har gefensa mai hawa-hawa. Baƙaƙen wuraren nan da muke gani da ido tun muna yara ashe narkakken dutse ne da ya malala ya daskare, a ɗayansu, Mare Tranquillitatis, 'yan Amurka suka sauka a 1969. Ƙanina ya nace sai na nuna masa tutar da suka kafa a can, na ce malam ko manyan na'urorin da ke doron ƙasa ba sa hango ta.

Ramin Tycho ne ya fi kyau in wata ya cika, da fararen layukansa da suka bazu ko'ina.

Ƙafar ukun da ake ɗora teleskop ɗin a kai ce abin haushi. Ba ta da nauyi ko kaɗan, iskar Jos na kaɗawa hoto ya hau rawa, ga wata ba ya tsayawa, a 70x minti biyu ya sulale daga gilashi sai ka sake saiti, kana taɓawa kuma ya goce. Na rataya mata galan ɗin ruwa a tsakiya, ta ɗan natsu. In hazo ya sauko lokacin hunturu kuwa kar ma ka wahalar da kanka, ka ja bargo kawai.

Hoto da waya sai a hankali, cikin goma ɗaya ke fitowa.