Na sayi akwatin kayan ɗaure ƙwaron bogi na kama tirawut, ga yadda muka kaya

Jama'a sallama. Tun da na sa hoton ƙugiyar nan mai gashi mutane ke ta tambayata wai laya ce ko me, to ba laya bace, ƙwaron bogi ne da ake kama kifin tirawut da shi, kuma akwatin kayan haɗa shi nake so in faɗa muku gaskiyar yadda na same shi tunda yanzu na yi wata biyar ina fama da shi.

Ni dai a Bronx nake zaune, kuma kamun kifin da na sani tun ina yaro shi ne fatsa da tana, ka soka ka jefa ka zauna jira. Wani abokin aikina Bature ne ya ja ni Catskills, duwatsun nan na arewacin birnin New York, tafiyar awa biyu da ɗoriya a mota, wajen garin Roscoe inda kogin Beaverkill da Willowemoc suka haɗu. Can na ga abin mamaki, mutum tsaye cikin ruwa har gwiwa yana wurga zare ba tana ba komai, sai ɗan gashi a ƙugiya yana yawo a saman ruwa, kifi ya taso ya cafke. Abin ya tuna min da shinge in an yi ruwan farko, yadda kowane tsuntsu da ƙadangare ke rububinsa, haka tirawut ke yi in wani ɗan ƙwaro mai fiffike a tsaye ya fara fitowa daga ruwa cikin watan Afrilu, lokacin da sanyin ruwan ya sassauto zuwa wajen digiri 10 a ma'aunin Celsius.

A wani ɗan shago a yankin na sayi akwatin, na 'yan koyo, sai na ƙara da fakiti ɗaya na gashin dawisu wanda an riga an kankare. A cikin akwatin akwai ƙarfen da ke damƙe ƙugiya, kwarkwaron zare, almakashi, ɗan matsin kama gashi, ƙugiyoyi lamba 12 da 14 (lamba 12 ta fi 14 girma), zare, gam, da gashin zakara da na agwagwa. Mai shagon dattijo ne mai kirki, ya zaunar dani ya ɗaura ɗaya a gabana cikin minti biyar kamar wasa, na ce a raina ai wannan ba komai. Hmm.

Ƙwaron bogin da nake son koya sunansa Quill Gordon, daga sunan Theodore Gordon, wani gwanin kamun kifi Ba'amurke wanda ya zauna a bakin kogin Neversink ya rasu a 1915. Shi ne ya rubuta wa Frederic Halford, gwanin wannan harka a Ingila, wasiƙa, a 1890 wancan ya aiko masa da samfurin ƙwarin da suke amfani dasu can, shi kuma ya gyara su yadda za su iya da ruwan Amurka mai gudu da ƙarfi. Jikin ƙwaron duk dabarar tana cikin gashin dawisu ne, wanda ke kusa da idon nan na jela. In ka kankare gashi-gashin jikinsa sai ya bar ɗan siririn tsinke, gefe ɗaya haske gefe ɗaya duhu, in ka nannaɗa shi a ƙugiya sai ya fito gaɓa-gaɓa sak cikin ƙwaro na gaske. Wallahi ranar da na fara ganin ya fito min daidai sai da na kira uwargida ta zo ta gani, ta kalla tace to wannan ɗin ne zai ciyar damu?

To fakitin da aka kankare, shi ne abinda na fi jin daɗinsa kuma shi ya fi ɓata min rai. Daɗinsa ya hutar dani, don na gwada kankarewa da kaina da kilinar fensir, kana gogawa daga sama zuwa ƙasa a hankali, kafin in gama goma na tsinka huɗu. Wasu da bilic suke yi, ya fi sauri amma in ka bar shi ya jima yana cinye tsinken ya mai da shi kamar busasshiyar taliya, kuma ina zargin haka aka yi wa nawa, don a daren farko duk wanda na ɗauka da na fara naɗi sai ji kake ƙas ya tsage. Na zaci hannuna ne. Sai da abokin nawa yace ai jiƙawa ake yi, ka zuba su a ruwa mai ɗumi ko ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma su yi laushi tukun, kuma ta siririn bakin ake fara ɗaurewa, gefen duhun yana kallon baya. Ba ko layi ɗaya a jikin fakitin da ya faɗi haka, wannan kam ban yafe musu ba. Bayan na fara jiƙawa abin ya gyaru sosai, amma duk da haka akwai gajeru da yawa a ciki waɗanda lamba 14 kawai suke isa, in ka kai su lamba 12 sai tsinken ya ƙare maka a tsakiyar hanya.

Ƙarfen damƙe ƙugiya ba laifi, yana ɗan sakin ƙananan ƙugiya in ka ja zare da ƙarfi amma ana lallaɓawa. Almakashi yana ci. Kwarkwaron ne ya riƙa yanke min zare har sai da na gane bakin bututunsa da zaren ke fitowa ne ke da kaifi.

Inda akwatin ya faɗi warwas shi ne gashin zakara. Shi fa wannan ƙwaro dole ya tsaya a saman ruwa da ƙafafunsa, kuma gashin wuyan zakara mai tauri mai sheƙi ne ke ɗaga shi, launin toka-toka, tsawonsa kamar faɗin bakin ƙugiyar sau ɗaya da rabi. Wanda suka sa min laushi gareshi kamar na kaza, jifa biyu uku ya sha ruwa ya nutse, kaga an tashi daga manufa kenan. Sai da na koma na sayi na kirki daban, kuma shi kaɗai ya kusa kamo kuɗin akwatin gaba ɗaya, don zakarun nan musamman ake kiwonsu saboda gashin ba don miya ba. Na fiffike ma ba na agwagwar daji mai ruwan lemo da ake so bane, wata ce aka rina, amma wannan kifi bai damu ba ni ma ban damu ba.

Abu ɗaya da na koya da tsada, tirawut yana da ƙananan haƙora, kifi ɗaya ya isa ya warware maka jikin da ka ɓata rabin awa a kai. Sai ka shafa gam siriri a ƙasa kafin naɗi sannan ka bi sama da wani, ni har man farcen uwargida mara kala na sata ya yi aiki.

In kana wajen da ake da irin kifin nan kuma kana son gwadawa, akwatin zai fara da kai, maki uku cikin biyar na ba shi, fakitin dawisun kuma zan sake saya amma sai na buɗe na duba tsawonsu a gaban mai shago. Kifi biyu na kama da nawa ɗaurin zuwa yanzu, dukkansu a sashen Beaverkill da doka tace in ka kama ka saki, haka na cire ƙugiya na mai da su ruwa ina kallo, na biya kanti na sayi tilapiya don kar in shiga gida hannu rabbana.